Amsa: Fitsarina ya koma ja bayan na fara shan maganin tibi

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce tun da aka ɗora ki a kan maganin tarin tibi fitsarinki ya koma ja-ja, har kina tunanin dainawa. Don Allah kada ki daina. Aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake sha a wata biyun farko. Yana rina fitsari da gumi da hawaye, wani lokaci ki ga alamarsa a wuyan riga, amma ba jini ba ne.

Abin da ba a wasa da shi shi ne hanta, domin magungunan na iya taɓa ta. In farin idonki ya koma rawaya kamar mai shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya dinga ciwo ta ɓangaren dama, ki koma asibiti ranar, kada ki jira ranar karɓar magani. Haka ma in gani ya fara dishi-dishi, wannan daga ethambutol yake zuwa, shi ma ɗaya ne daga cikin magunguna huɗun. Jiƙe-jiƙe kuwa a ajiye su tukuna.

Wani abu da ake yawan mantawa a faɗa wa mata: rifampicin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. In kina sha, ki sanar da likita ya canza miki wata hanya. Wata shidan da ake yi ana shan maganin kuma ki cika shi ko da tarin ya lafa, domin yankewa a tsakiya na iya sa cutar ta daina jin magani.