Amsa kan sabunta taswirar mota ko amfani da ta waya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce taswirar allon motarka ba ta nuna hanyoyin Ringim da Taura, kana tambaya ko ka biya a sabunta ta. Shawarata, kada ka kashe kuɗinka tukuna.

Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, daga Amurka ko Turai aka shigo da su, taswirar can ce a cikinsu. Ko an sabunta, titunan can za ta ƙara maka. Sai dai a saka ta Afirka, ita ma ba kowace mota ke karɓa ba. In ma ta karɓa, manyan tituna ta sani, hanyar burji zuwa ƙauye sai fili kawai.

Waya ta fi. Na san abin da za ka ce, sabis na ɗaukewa a daji. Ai GPS, wato abin da ke nuna wa waya inda kake, da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba ya buƙatar data. Ranar da ka shiga Kano ko Dutse, buɗe Google Maps ka sauke taswirar yankinku, za ta yi aiki ko babu intanet. Akwai kuma OsmAnd, wata manhajar taswira ta waya. In motar na da Android Auto, wato tsarin da ke haɗa waya da allon mota, jona wayar, taswira ta fito a allon. Ka tanadi caja, don tana shan batir sosai.

Amma don Allah, da damina in za ka wajen Auyo ko Haɗeja, tsaya a tasha ka tambayi direbobi. Waya ba lallai ta san inda ruwa ya cinye hanya jiya ba.