Filin Tambaya da Amsa: Kwano Biyu, Wake Huɗu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maiɗakina dukanmu AS ne, ba mu sani ba sai bayan aure. Ɗanmu na fari yana da sikila. Likita ya ce a irin aurenmu ɗa ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da cutar. Tun da na farin ya riga ya ɗauka, ashe uku masu zuwa sun tsira ke nan? Yanzu haka tana da ciki wata biyar.
Daga wani magidanci, Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba wa yaron lafiya, ita kuma Allah ya raba lafiya. Na so ƙwarai a ce zan iya ce maka e, amma amsar a'a ce, ɗana. Cikin nan na wata biyar matsayinsa ɗaya da na farko: ɗaya cikin huɗu. Na uku ma haka, na goma ma haka.

Lokacin da nake koyar da lissafi a sakandare, ranar wannan darasi nakan shiga aji da kwano biyu na samira. Kowanne na saka masa wake biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Kwano guda uba ne, guda uwa. Farin wake shi ne A, ja shi ne S. Sai yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya a nan, ɗaya a can. Hanyoyi huɗu ne kawai: fari da fari, AA, fari da ja, ko ja da fari, AS, ja da ja, SS, wato sikila. Nan ne likitanka ya samo ɗaya cikin huɗu, kuma bai yi kuskure ba.

Inda maganar take shi ne abin da ke biyo baya. In yaron ya gama, sai a mayar da waken cikin kwano kafin na gaba ya ɗauka. Jikinka da na maiɗakinka haka suke: don kun ba wa ɗan fari S bai sa S ɗin ya ƙare muku ba. Ina tuna wata ɗaliba da ta ciro ja da ja sau uku a jere, ajin ya kaure da ihu wai na yi wa kwanon asiri. Na miƙa mata ta juya shi ta duba gindinsa. Wake ne kawai, bai san me aka ciro ɗazu ba.

Bari in ba ka cikakken lissafin. A ɗauki gidaje 256 irin naku, kowanne da 'ya'ya huɗu. Abin da lissafi ke sa rai shi ne: gida 81 babu mai sikila ko ɗaya, gida 108 akwai guda, gida 54 akwai biyu, gida 12 akwai uku, gida ɗaya kuma duka huɗun. Ka ga ko "ɗaya cikin huɗun" da ake faɗa, gidajen da ta faɗa musu daidai ba su kai rabi ba. Sai an haɗa yaran baki ɗaya, su 1,024, sannan kashi 25 cikin 100 ke fitowa sarai. Shi ya sa in wani ya ce maka maƙwabcinsa AS ne, matarsa AS, ga 'ya'ya huɗu garau, don haka likitoci ƙarya suke, ba ƙarya ya yi ba game da maƙwabcin. Yana cikin tamanin da ɗayan nan ne. Masu gida hamsin da huɗun suna asibiti, ba su samu sukunin zama majalisa su ba da nasu labarin ba.

Ba kai kaɗai wannan tunani ya taɓa kamawa ba. A 1913, a gidan cacar Monte Kalo da ke Monako, ƙwallon caca ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja, kowa na cewa ai yanzu dole ya juya, suka tashi da aljihu wayam. 'Yan lido ma haka suke: mutum ya jefa sau goma bai ga shida ba, sai ya rantse ta kusa. Ita kuwa ƙwayar ɗaya cikin shida take tun safe. Samarinmu masu cacar ƙwallo a waya, ku ma da ku nake.

Sai ka juya lissafin ka kalle shi ta ɗaya gefen, don kada in bar ka da fargaba kawai: uku cikin huɗu, jaririn nan ba zai zo da sikila ba. Ka gaya wa likita tun a wajen awo cewa ku biyu AS ne, a gwada jinin jaririn da wuri bayan haihuwa, domin in ma SS ne, kulawar da aka fara tun yana ƙarami tana da babban tasiri. Kuma in ka ji wani a dangi yana cewa matarka ce ta kawo muku ciwo gida, ka nuna masa kwano biyun nan. Jan wake ɗaya ba ya yin sikila, sai an haɗa da naka.

Ga masu cewa lissafi shisshigi ne a kan ƙaddara: lissafin bai ce ga abin da zai faru ba, hanyoyin da ke akwai ya ƙirga. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, shi ya sa Jihar Kano ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024. Ƙannenka da ba su yi aure ba, tura su gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

TAMBAYA: Baba Malam, 'yata tana da wata bakwai, kwana uku ke nan tana gudawa. Surukata ta ce haƙori ne, in ya fito za ta daina, duk 'ya'yanta haka suka yi. Gaskiya haƙori yana kawo gudawa?
Daga wata uwa, Haɗeja

AMSA: 'Yata, kafin komai: ki fara ba ta ruwan gishiri da sukari na fakiti, ORS, ki ci gaba da ba ta nono, ki kai ta asibiti yau, a haɗa mata da zinc. In kin ga idonta ya faɗa, ko maɗigarta ta loma, ko fitsari ya ragu, kada ki jira gari ya waye.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba a abin da ta gani. Haƙori da gudawa suna yawan zuwa tare. Ruwa kuma ba ya tsami banza, sai dai a bincika me ya tsamar da shi. Wajen wata shida ne haƙori ke fara tsagowa. A daidai wannan lokaci ake fara ba wa yaro kunu da ruwa, ya fara zama a ƙasa yana jan ciki, kariyar da ya samo daga jinin uwa tana raguwa, dasashi kuma na ƙaiƙayi, duk abin da hannu ya kai sai baki: takalmi, murfin buta, ƙasar tsakar gida. Ƙwayoyin cutar da ke shiga ta nan su ke kawo gudawar. Haƙorin ya zo wucewa ne aka kama shi, kamar zakaran da za a ce shi ke fito da alfijir don kullum carar sa ke riga.

Yadda ake gane sababi na gaskiya shi ne a nemi waɗanda labarin bai hau kansu ba. A 1854 kwalara ta kashe mutum wajen 500 cikin kwana goma a wata unguwa a Landan, kowa na cewa warin iska ne. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda ake ɗiban ruwa. Ya tarar ma'aikatan wani kamfanin giya da ke tsakiyar unguwar, iskar nan suke shaƙa amma ba sa shan ruwan famfon titin, cutar ta tsallake su. Wata tsohuwa kuwa can nesa, da ake kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa, ta mutu. Aka cire hannun famfon.

Ke ma ki yi irin tambayarsa a unguwarku. Yara nawa suka yi haƙori ba gudawa? Nawa suka yi gudawa ba haƙori? Waɗannan ba a ba da labarinsu, don ba wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Hajiya kuma kada ki yi musu da ita a tsakar gida. Ki ce, "Mama, mu kai ta a duba mana haƙorin," ki ɗauko mata mayafinta ku tafi tare.