Daga Heathrow zuwa Coventry: amsa ga ƙanina mai tahowa karatu

Ƙanina, saƙonka ya iso, Allah ya sanya alheri. Ka ce biza ta fito, za ka taso daga Kano ta Addis Ababa a jirgin Ethiopian, ka sauka filin jirgin Heathrow na Landan da safe cikin watan Janairu, kana tambaya ko tasi za ka ɗauka zuwa Coventry, ko jirgin ƙasa, ko bas. Bas za ka hau, kuma a nan cikin filin jirgin za ka hau ta, ba sai ka shiga garin Landan ba.

Nisan kusan kilomita 150 ne, kamar Kano zuwa Zariya. Shatar tasi za ta ci maka sama da fam 100, kuɗin cefanenka na makonni ke nan a zama ɗaya. Duk wanda ya tare ka a bakin fita yana cewa yana da mota, ka wuce abinka, masu lasisi ba sa farautar fasinja a zaure. Jirgin ƙasa kuwa yana da sauri, daga tashar Euston ta cikin Landan awa ɗaya ce ko sama da haka kaɗan, sai dai kafin ka kai Euston za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sauya layi, ka yi ta hawa da sauka da manyan akwatuna biyu da jakar goyo, alhali ka kwana a sama ba ka runtsa ba. Na sha ganin sabbin zuwa a gindin matakala sun rasa wane akwati za su fara ɗauka. A bas sau ɗaya za ka ɗaga kaya, a zuba su a ƙarƙashin mota, sai kun isa.

Heathrow tana da wuraren sauka huɗu, Terminal 2, 3, 4 da 5. Jirginka a na 2 yake sauke fasinja, ka ko yi sa'a, domin babbar tashar bas tana tsakanin na 2 da na 3, da ƙafa ake zuwa. Ka ɗauki amalanken kaya, kyauta ne, ka bi allon da aka rubuta Central Bus Station ta wata doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa, lif ta hau da kai har cikin tashar. Ka riƙe wannan: motar da ke zuwa wani gari a nan "coach" ake ce mata, "bus" ta cikin gari ce. Idan ka tambayi ma'aikaci ina bas ɗin Coventry zai gane, amma a kan allo kalmar "coach" za ka nema. National Express ne kamfanin da ya fi yawan motoci a wurin, akwai kuma FlixBus. Ka zaɓi wadda za ta kai ka kai tsaye, awa biyu da 'yan kai, kar ka ɗauki mai sauyi a tashar Victoria ta cikin Landan don kawai ta fi araha da fam biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo. Mu mun taso da tashar da mota ba ta tashi sai ta cika. Ka biya, ka ajiye jaka a kujera, ka je ka yi salla, ka sha shayi, ɗan kamasho ya san fuskarka, in ka yi jinkiri a aika yaro ya kira ka. A nan babu ko ɗaya daga ciki. Idan tikiti ya ce 10:15, to 10:15 direba zai rufe ƙofa, ko da mutum uku ne a ciki, ko da yana hango ka kana turo kaya a guje. Ba mugunta ba ce, wasu na tsaye suna jiransa a tasha ta gaba da irin tikitinka.

Ni abin ya same ni shekarar da na zo. Ta wani filin jirgin na shigo, na sayi tikiti mafi araha tun daga gida, na ba kaina awa ɗaya tsakanin sauka da tashin mota, ina ganin ta isa har da saura. Layin jami'an shige da fice kaɗai ya ci kusan awa biyu, lokacin shigowar ɗalibai ne. Ina tsaye ina kallon agogon bango har lokacin motata ya yi ya wuce. Tikitin irin wanda ba a sauyawa ne, sai na sake sayen wani da tsada daga cikin kuɗin da Baba ya ƙulle mini a ambulan. Na zauna a bencin ƙarfe mai sanyi da rigar da ba ta isa ba, waya ba caji, ba wanda ya san inda nake. Har yau in na tuna Hajiya tana can tana jiran kira har dare, raina yakan sosu. Ba na so ka fara zamanka da irin wannan.

Saboda haka ka bar aƙalla awa uku tsakanin saukar jirgi da tashin mota. Fasfonmu ba ya bi ta ƙofofin na'ura, layin mutane za ka bi, jami'i ya duba ka, wataƙila ya tambaye ka makarantarka da abin da za ka karanta da inda za ka zauna. Takardar CAS, wato shaidar makaranta ta karɓe ka, da adireshin masauki su kasance a jakar hannu, a buge a takarda. Bayan nan ga jiran kaya. Wajen sayen tikiti kuma ka ƙara 'yan fam ka ɗauki wanda ake iya sauya masa lokaci. National Express suna da wani ƙari mai suna Change & Go, wanda ke ba ka damar hawa wata motar idan jirgi ya makara, muddin akwai kujera. Ka saya tun kana Kano, domin farashi yana hawa in rana ta matso, kuma kar ka dogara da cewa katin bankinka na naira zai yi aiki ranar da ka sauka. Idan ya ƙi, ka faɗa mini in saya maka daga nan. Ka ɗauki hoton tikitin a waya, ka kuma buga shi.

Maganar kaya. Jirgi yakan ba ka kilo 23 a akwati, amma ƙa'idar bas kilo 20 ce, kuma direba ne ke ɗagawa da hannunsa, yana da ikon ya ƙi wanda ya yi nauyi. Ka auna a gida, in kayan sun fi ƙa'ida ka biya kuɗin ƙari tun wajen sayen tikiti. Na san Hajiya za ta so ta cika maka akwati, to ka lallashe ta: kilishi da dambun nama da man shanu doka ta hana shigo da su daga Najeriya, nama da duk abin da aka yi da madara ƙwacewa ake yi. Fasfo, kuɗi, kwamfuta da takardun makaranta kuma ba sa shiga ƙarƙashin mota, suna kan cinyarka.

Rigar sanyi mai kauri ta kasance a hannunka tun daga jirgi, kar ka cusa ta a ƙasan akwati. Inda ake hawa mota a waje yake, kuma sanyin Janairu a nan ba irin hunturun Kano ba ne, mai damshi ne, yana ratsa ƙashi. Akwai ɗakin ibada a Terminal 2, ka rama abin da ya kuɓuce maka a jirgi kafin ka fita. Rana gajera ce, wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna magariba ta yi, kai kuma matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar. A cikin mota akwai bayi, ɗaura bel dole ne, abinci mai zafi kuma ba a shiga da shi, don haka ka sayi ruwa da biskit.

Direba yana faɗin sunan kowace tasha, amma harshensu da sauri yake ga sabon kunne. Lokacin da kake miƙa masa akwati ka ce Coventry, ka nuna tikiti. Tasharka sunanta Pool Meadow, a tsakiyar gari take, jami'ar Coventry ma tafiyar ƙafa ce daga wurin. In kun tsaya ka sauka ka tsaya a gefen motar har a fito da akwatinka, baƙaƙen akwatuna kamanninsu ɗaya, ka ɗaura wa naka ƙyallen atamfa a hannu.

Heathrow akwai intanet kyauta. Kana fitowa daga wajen jami'ai ka fara kiran Hajiya, sannan ka turo mini saƙo da lokacin motarka. Zan nemi hutun rabin yini a wurin aiki, in sha Allahu za ka same ni a Pool Meadow da miyar kuka a gida tana jira. Ka gaishe da Baba, ka ce ina neman addu'a.