Re: Danjar birki ta ki mutuwa, batir na sauka

Malam kar ka yi saurin kai wa rewaya tukuna, wannan da kanka ma za ka iya. Ka ce Honda Accord ce tsohuwa kuma danjar baya na kunne ko ka kashe mota har batir ya kwana ya sauka, to ni ina zargin ba suwich din birki ba ne ya lalace.

Dauko tocila ka tura kujera baya ka leka saman fedar birki karkashin sitiyari, akwai dan suwich mai soket da wani dan tsinke a bakinsa. In ka saki birki fedar ce ke danne tsinken sai wuta ta mutu. A jikin fedar akwai wata yar roba kamar maballin riga, ita ke tsufa ta farfashe sai tsinken ya fada rami, shi kenan wuta ta tsaya a kunne. Duba kan kafet, in ka ga gutsattsarin roba to ita ce wallahi. Tawa haka ta min, kwandala na manna da gam a wurin kafin na samo sabuwa.

In robar na nan lafiya, danna tsinken da yatsa wani ya duba maka baya. Danjar ba ta mutu ba? To galibi suwich din ne. Zare soket, murda suwich din ya fito, ka je da shi kasuwa a hannu don kar a ba ka wanda filoginsa bai yi daidai ba.

Yau da daddare dai ka cire kan batir kafin ka kwanta.