Likita ya amsa tambayoyinku kan kumburin gaɓɓai da asibitin koyarwa

Tambaya: Likita, shekaruna 34. Wata biyar ke nan da asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa, ko butar alwala ba na iya ɗauka sai rana ta ɗaga. Hannu biyun duk sun kumbura. A kemis ana ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi farare, in na sha sai in ji garau, in na daina ciwon ya dawo. Mene ne wannan? (Wata baiwar Allah daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika bayyana ya yi kama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda garkuwar jiki ce da kanta ke afka wa siririn tantanin da ke lulluɓe da cikin gaɓa. Alamarsa ita ce sanƙarewar safiya da ta wuce rabin awa, da kumburin ƙananan gaɓɓai a hagu da dama lokaci guda, har ya haura sati 6. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza. Ba sanyi ke kawo shi ba, kuma ba tsufa ke kawo shi ba.

Ƙwayoyin nan su ne suka fi damuna. Ina zargin prednisolone ne ko ɗan'uwansa dexamethasone. Suna kwantar da kumburi nan take, amma in aka daɗe a kansu ba bisa ƙa'ida ba sai fuska ta cika ta yi zagaye, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni. Kada ki yanke su rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki ɗauki kwalinsu ki je da shi asibiti a rage miki sannu a hankali. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Za a duba gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, a yi gwajin jini na ESR da CRP masu nuna kumburi, da na RF da anti-CCP masu taimakawa wajen gano cutar, a ɗauki hoton hannu. Ki gaggauta, domin watannin farkon nan ne magani ya fi kamawa, kuma gaɓar da ta riga ta karkace ba ta komawa yadda take.

Tambaya: An sa mahaifiyata a kan methotrexate, sai wani ya ce maganin ciwon daji ne. Shin likitoci sun ɓoye mana wani abu? (Wani matashi daga Azare)

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne an fara amfani da shi ga masu ciwon daji, amma a ƙaramin awo shi ne ginshiƙin maganin amosanin gaɓɓai mai kumburi, kuma tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a kanta. Abu ɗaya nake roƙo ku riƙe da hannu biyu: sau ɗaya ake shansa a sati. Shansa kullum yana iya kisa. Ku zaɓa wa Hajiya rana guda, misali Juma'a, ku rubuta a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folic acid, ana gwajin jini da na hanta a kai a kai, kuma yakan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta sha.

Tambaya: Na je asibitin koyarwa, ɗalibai suka kewaye ni suna taɓa gwiwata, sannan aka miƙo takarda wai in sa hannu don bincike. Ko gwaji za a yi da ni? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Alhaji, tambayarka tana kan hanya. Asibitoci irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri, aiki uku suke yi: jinya, koyarwa da bincike. Likitocin gaɓɓai sun yi mana ƙaranci ƙwarai a Arewa, kuma ɗalibin da ya taɓa kumburarriyar gwiwarka yau, shi ne gobe zai gane cutar a asibitin ƙauye maimakon ya ce sanyi ne. Duk da haka, jikinka naka ne. Kana da ikon cewa a rage yawansu ko a ja labule.

Shi kuwa bincike, ba a fara shi sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, kuma ƙa'idar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idar likitocin duniya kan bincike a kan mutane, ta wajabta neman yardar majinyaci. Ka ce a karanta maka takardar da Hausa. Ka tambaya: bayanai kawai za a rubuta, ko jini za a ɗiba, ko sabon magani za a ba ka? In ka ƙi, kulawarka ba za ta ragu ba. Ni dai ina ƙarfafa gwiwar shiga, saboda yawancin abin da muke karantawa a kan cutar nan an tattaro shi ne daga Turai da Amurka, alhali namu majinyatan suna zuwa a makare, wasu da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da dole a bincika kafin a ba su magungunan da ke danne garkuwar jiki.