Tambaya da Amsa: Yaya za mu shirya bitar koyar da mu'amala ba tare da samari sun yi gyangyaɗi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa 'yan Arewa a Agege. Yawancinmu masu POS ne, da yaran shago, da masu gadi, da waɗanda suka koma kai saƙo tun bayan da aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022. Iyayen gidansu na yawan kuka da su kan saurin fushi da rashin iya magana da kwastoma. Mun taɓa gayyato wani malami ya yi lacca ta awa uku da majigi, rabin yaran suka yi ta danna waya, sauran na gyangyaɗi. Yaya za mu tsara ta gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka ga laifin yaran, shi ma malamin ba lallai ya gaza ba. Tsarin ne bai dace da abin da ake son koyarwa ba. Babu wanda ya zo wurin bai san haƙuri abu ne mai kyau ba, tun yana makarantar allo ake faɗa masa. Abin da bai iya ba shi ne abin da zai ce a lokacin da mace ta tsaya masa a kai tana ɗaga murya, mutane sun fara taruwa. Wannan kuwa sai da gwaji, kamar yadda ba a koyon tuƙin babur a zaune kan benci.

Saboda haka kafin ka nemi zaure ko kujeru, ka zaga ka tattaro labarai. Ka tambayi kowane yaro rigima ta ƙarshe da ya yi da kwastoma, ka tambayi iyayen gida biyu ko uku su ma. Za ka ga labaran suna maimaita kansu. Ka zaɓi uku, ka cire sunaye, su ne darasinka gaba ɗaya.

Ga wanda nake da yaƙinin za ka samu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 harkar POS da tura kuɗi ta waya ta zama ruwan dare, rigimarta ma haka. Wata mata ta zo cire dubu ashirin, alat ya shigo mata cewa an cire, na'ura kuma ta ce ba ta biya ba. Yaro ya ce "netwok ne" ya juya ga na bayanta. To, a nan wuta ke tashi. A bita, ka ajiye tebur da lema da na'ura ta gaske. Wani ya zama matar, ya yi masifa iya ƙarfinsa, wani ya zama mai POS, ya yi abin da ya saba. Sai ka ba 'yan kallo izini: duk wanda ya ga inda aka yi kuskure ya ce "tsaya", ya taso ya karɓi kujerar, a ci gaba daga nan. Wani ɗan Brazil mai suna Augusto Boal ne ya yi fice da wannan salo a wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, kuma ya dace da mu, don samarinmu ba a barinsu a baya wajen kwaikwayon mutane. Za a yi dariya sosai, kada ka hana. Kafin a zagayo mutum na huɗu, da kansu za su gano cewa miƙa mata rasit ɗin da ya nuna ba a biya ba, da gaya mata ta kai shi bankinta idan kuɗin bai dawo ba, da ba ta wurin zama, sun fi "netwok ne" kashe wuta.

Wani abu da masu shirya irin wannan a Legas ke mantawa shi ne harshe. Kwastoman ba da Hausa za ta yi masifar ba. A yi wasan da Turancin buroka, a sa gaisuwar Yarbanci inda ta dace, sannan a koma Hausa wajen tattaunawa. Kuma ka taɓo bambancin ɗabi'a a fili. Yaronmu kan sunkuyar da kai ya yi shiru don ladabi, wanda ke gabansa kuma zai iya ɗauka rashin gaskiya ce ko raini. Mai gadin da ya iya cewa "ẹ káàárọ̀ ma", wato "ina kwana" da Yarbanci, da safe ya riga ya rage wa kansa rabin matsala.

Tattaunawar bayan wasa ita ce wurin da koyon yake, kuma ita ake yawan yankewa idan lokaci ya ƙure. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, David Kolb, ya bayyana a 1984 cewa mutum yana koyo ne ta zagaye: ya yi abu, ya waiwaya ya duba, ya fitar da ƙa'ida, ya sake gwadawa. Idan ka yi wasan minti biyar, ka ware goma sha biyar na magana. Ka fara tambayar wanda ya fito a matsayin matar: a ina ranka ya fi ɓaci, a ina ka fara saukowa? Kada ka tambayi mai POS "me ya sa ka yi haka", zai shiga kare kansa. Kai kuma ka riƙe bakinka. Wannan shi ne ya fi yi wa malamai wuya, don mun saba idan aka yi shiru mu cike gurbin da nasiha.

Game da waɗanda za su zauna: kada su wuce ashirin, kuma kada ka haɗa yaro da ubangidansa a zama ɗaya. Ba zai taɓa faɗin gaskiyar abin da ya faru a gaban Alhaji ba. Dattawan ƙungiya su zo su buɗe da addu'a, su sa albarka, a raka su. Idan akwai mata masu sana'a, a yi musu nasu zaman da mace mai jagoranta, za su fi sakin jiki. Bayan wasan gaban jama'a, ka raba su uku-uku, ɗaya kwastoma, ɗaya mai sana'a, ɗaya mai lura, su riƙa musayar matsayi, don mai kunya ma ya samu ya gwada.

Lokaci kuwa, zama uku na awa biyu-biyu a Lahadi uku sun fi yini guda. Ka fara da hantsi ka tashi kafin azahar, ka kuma tuna cewa mai zuwa daga Mile 12 ko Idi-Araba sai ya biya kuɗin mota ya bar ciniki, don haka ko ruwa da ɗan abin taɓawa ku tanada. A ƙarshen kowane zama kowa ya faɗi abu ɗaya tak da zai gwada a wurin aikinsa cikin mako, a zama na gaba da rahotonsa za a buɗe.

Takardar shaida ku bayar in kuna so, yara na son ta, amma ga wanda ya halarci duka ukun kawai. In kana son sanin ko bitar ta yi amfani, kada ka dogara da tambayar su ko sun ji daɗi, kowa zai ce maka "Alhamdulillahi". Bayan wata guda ka koma wurin iyayen gidan nan da suka kawo kuka tun farko, ka tambaye su rigima nawa aka yi a shago tun daga lokacin, da yadda ta ƙare.