Zana Suna a Kan Awarwaro da Zobe: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Bikina na tafe bayan Babbar Sallah. Ina son a zana harafin farko na sunana da na amaryata, a sarƙe da juna, a kan awarwaron zinaren da zan sa a lefe. Wani mai shago ya ce na'ura za ta gama cikin mintuna, abokina kuma ya ce in kai wa maƙeri. Wanne ya fi? Daga wani ango a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri. Kafin mu kai ga na'ura ko maƙeri, ɗora awarwaron a tafin hannunka ka ji nauyinsa. Da yawa cikin waɗanda ake kawowa daga Dubai ƙatti ne a ido, amma cikinsu rami ne. Mai zanen hannu kuwa tura ɗan ƙarfe mai kaifin baki yake yi, yana feƙe siririn zare daga jikin zinaren, don haka idan bangon ba kauri zai lotsa ko ya huje. Irin wannan sai na'ura, ita ma daga ciki, domin zanenta bai cika zurfi ba, kuma wanke-wanke da gogayya da sauran awarwaro na dusashe shi. Duba lambar da aka buga a jiki: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 kuma karat 18. Idan wanda aka yi wa ruwan zinare ne kawai, kada ma a soma, ƙarfen da ke ƙasa zai bayyana.

Sai dai ni da zan ba ka shawara, ka bar awarwaron nan yadda yake. Zinaren lefe ajiyar mace ne, shi take ɗauka ranar da wata buƙata ta taso. Mai saye awon giram yake yi, kuma da ya ga harufan wasu a jiki zai ce ba wadda za ta saya a haka, sai dai a narkar, ya rage kuɗi. Ka sayi ɗan ƙaramin abin wuya mai faɗin fuska, ko zobe mai kauri, a zana a can. Kuma ka tambaye ta tukuna, ita za ta sa.

Batun tsarin harufan, kada mai shago ya buɗe maka hotunan waya ka zaɓi na Turawa ido rufe. Su harufa uku suke jerawa, na sunan dangin miji ya zauna a tsakiya ya fi girma. Mu kuwa mace sunan mahaifinta take riƙewa har bayan aure, saboda haka harufa biyu sun wadatar. Idan sunanta da Sh ko Ts ya fara, a zana su tare, kada a yanke rabi. Ɗ da Ƙ da Ɓ kuma ba kowace na'ura ke da su ba. A nan mai hannu ya fi, don shi zai lanƙwasa ƙugiyar yadda ta dace. A fara zanawa a takarda daidai girman wurin, ka miƙe hannu ka duba. In sai ka matso da ita kusa da ido kafin ka gane, kwalliyar ta yi yawa, a rage.

Tambaya: Ina son zoben azurfa da sunana da ajami, wanda zan riƙa bugawa a takarda kamar hatimi. Mi ya kamata in lura da shi? Daga wani malami a Gawon Nama.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, kun fi ni sanin cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, kuma an zana masa "Muhammad Rasulullah" a layi uku. Abin da zan ƙara na sana'a ne. Wanda za a buga a takarda dole a zana shi a juye, kuma da zurfi, sai an buga ya fito daidai. Ku gaya wa maƙerin tun farko, ku gwada a kan takarda kafin ku cika kuɗi. Ku nemi azurfa mai lamba 925. Kada ku tsaya a harafi ɗaya, domin Umar da Usman da Aliyu duk da harafin ainu suke farawa, ga shi cikakken sunan ma gajere ne. Ku rubuta da hannunku ku ba shi ya kwafa, ku ƙirga ɗige-ɗigen da kanku, don ba kowane gwanin ƙira ne ya iya karatun ba. Maƙeran fari na cikin gari, wato masu ƙirar azurfa da zinare, suna yi, haka ma Buzaye masu ƙirar Agadas, waɗanda hannunsu ya faɗa da zanen azurfa. Idan sunan irin Abdullahi ne, hukuncin shiga bayi da shi na wurinku.

Tambaya: Zobena mai rubutu daga ciki ya matse ni. Za a iya buɗa shi? Daga wata uwargida a Arkilla.

Amsa: Za a iya, Hajiya, amma yanka shi ake yi daga ƙasa a ƙara guntu a liƙe, sannan a goge wurin. Idan rubutun ya bi ta nan zai tafi. Ki nuna wa maƙerin inda yake, ya yanka a gefen da babu komai, ki kuma ji kuɗin sake zanawa kafin ya sa wuta.